Shekarar da Muka Shayar da Dogonyaro da Ruwan Alwala

Ina koyarwa a makarantar firamare ta ƙauyenmu, can gefen Pauwa, lokacin da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasa. Masu zuwa birni suna dawowa da rediyo da babur, mu kuwa fari bai daɗe da sakinmu ba, rijiyarmu guda sai a yi ta zura guga ana ɗebo laka.

Wata ranar kasuwa motoci jif-jif suka tsaya ƙofar gidan mai unguwa. Wani Bature ya fito, jajir kamar gauta, da ma'aikatan gona biye da shi. Da yake ni ke ɗan jin Turanci, aka sa ni tafinta. Ya ce manyan ƙasashe sun haɗa kuɗi don taimakon wuraren da ruwan sama ya guje wa, kuma abin da ke korar ruwan shi ne sare itatuwa da yawan awaki.

Gwaggona, mai awaki fiye da kowa a garin, ta leƙo daga bayan zana.

"Malam, tambaye shi, su can garinsu ba su hura wuta?"

Na tambaya. Ya yi dariya ya ce suna da masana'antu masu hayaƙi dare da rana.

"To, hayaƙinsu bai kori ruwa ba sai akuyata? Mi ta yi ma sama?"

Na juya wannan da Turanci iya ƙoƙarina. Baturen ya ce tambaya ce mai kyau, ya wuce gaba.

Taimakon kuwa dashen dogonyaro ne, kowane gida a ba shi. Ƙauyen da ya fi raya nasa har damina, shi za a haƙa wa rijiyar burtsatse. Mai unguwa ya gyara rawaninsa ya ce, "Ranka shi daɗe, in da muna da ruwan ba itace, mi za mu yi da rijiyar taku?" Baturen ya ce shi ma haka ya ga dokar, masu kuɗin ne suka tsara ta can nesa.

Haka muka shiga renon itace. Aka yi shela kada wanda ya ƙara zubar da ruwa a banza. Mata suka koma yi wa jarirai wanka a gindin dashe. Wani Alhaji maƙwabcina ya mai da wurin alwalarsa kan nasa, ya shiga sabunta alwala ba dalili, har liman ya tare shi ya tambaya ko cikinsa ne ya lalace. Mai shayin bakin kasuwa yana juye wa nasa ruwan wankin kofi, tururuwa suka taru suka cinye saiwar. Ni na raba wa ɗalibai dashen da aka ba makaranta, kowa ya kula da ɗaya, sai na tarar da wani ya tuge nasa ya kai ɗakin uwarsa don kada rana ta dame shi.

Abin da ya tsira daga ƙishi, awakin Gwaggo suka gama da shi. Ta ce tun da an riga an yi musu sharri, gara su ci su tabbatar.

Ana gobe masu dubawa za su zo, samari suka je har Ketare suka saro rassan dogonyaro, aka bi ramuka aka kafa. Da safe garin ya yi kore shar. Sai dai baƙin ba su iso ba sai bayan azahar, lokacin ganyen duk ya sunkuya. Baturen ya durƙusa ya ɗan taɓa ɗaya, reshen ya biyo hannunsa, ƙasansa fes da saran adda. Ya dube ni. Mai unguwa ya ce, "Gaya mishi irin namu haka yake, sai daga baya yake saiwa."

Na Alhaji kaɗai aka samu da rai. Baturen ya ɗauki hotonsa tsaye kusa da shi, riƙe da buta.

Rijiyar ta tafi wani gari wajen Faskari, mai fadama da rafi a bayan gidaje. Sun raya nasu duka, ba su ko yi gumi ba. Mu aka aiko mana da kyautar ƙoƙari: bokitin ban ruwa mai dogon baki da 'yan huji-huji, sabo fil, kore.

An yi zaman shawara a kan wanda zai ajiye shi, har aka kusa ɓatawa. Daga ƙarshe aka ce a kai makaranta. Ba a jima ba damina ta faɗi da ƙarfi, rufin ajina ya soma yoyo daidai kan teburina, na tara bokitin a wurin. In ya cika sai ya riƙa fesowa ta bakin, yana jiƙa 'yan layin gaba, su kuwa har rige-rigen zama wurin suke yi.