Ragowar Akushin Baba

Kujera goma sha biyu ce a ɗakin cin abinci na gidanmu da ke Ƙofar Galadima, amma tun da nake ban taɓa ganin mutum biyu zaune a kansu lokaci guda ba.

Mahaifinmu akawu ne a En'e. Shi ya sayi kujerun da teburinsu a hannun wani Baturen reluwe da zai koma ƙasarsu. Ƙarti takwas suka ɗauko shi a ka har cikin birni, da aka iso gida kuma ya ƙi shiga ƙofa. Baba bai ce a mayar ba. Magina ya kira suka fasa bango, aka shigar da shi, aka sake ginewa. Mutanen unguwa suka yi ta tsegumi, wai Malam Akawu ya sayo gadon da ba a kwana a kai.

Katakon maɗaci ne, ja wur, ƙafafunsa an sassaƙa su kamar dagin zaki. A jikin bangon gabas akwai kabad mai gilashi cike da farantan tangaran masu shuɗin baki, ga cokula masu yatsu da ba wanda ya taɓa kai su baki a gidanmu. Ga agogon bango mai lilo, ga buta da tasa na tagulla 'yan Bida. Sama kuwa rufin bakan gizo ne irin na dā, da faranti guda a manne a tsakiyarsa. Duk Juma'a da safe Inna ke goge kayan nan da tsumma da ɗan man gyaɗa, tana mita: “Kayan da ba a ci a ciki, sai wahalar da mutane.”

To, a gidanmu uba ba ya cin abinci da 'ya'yansa. Haka muka taso muka gani, haka ake yi a kowane gida a layinmu. Baba zai zauna shi kaɗai a kan teburin, a ajiye masa tuwo a baƙin akushinsa, kujeru goma sha ɗaya na kallonsa. Mu kuwa muna tsakar gida muna jiran ragowa. Ragowarsa ta fi tuwonmu daɗi, don kullum da nama a ciki, ko taɓa shi bai yi ba. Mu a zatonmu haƙori ne ba shi da shi.

Ni ne ɗan fari, saboda haka ko sunana ba ya faɗa. Wata rana bayan Azahar, lokacin na fara koyarwa a Tudun Jukun har an sa mini ranar aure, na je na durƙusa a bakin ƙofa in gaishe shi. Ya dube ni ya daɗe. Sai ya ja kujerar da ke damansa baya, har ƙafarta ta karce daɓe.

“Kai, wanke hannu ka zo mu ci.”

Na ɗauka gwada ni yake yi, ya ga ko boko ya cinye mini kunya. Na ƙara sunkuyar da kai na ce, “Allah gafarta Malam, ai ba a yi haka ba. Zan jira.”

Ya mayar da kujerar wurinta. Na fito ina jin kaina a sama, wai na ci jarrabawa, har na ba Inna labari ta sa mini albarka. Wauta ke nan. Bai ƙara kira na ba har Allah ya karɓi abinsa, shekara huɗu bayan nan.

Yanzu ni ne mai gidan. Ƙannena sun watse, wasu Kaduna, wasu Abuja, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Matata ta rasu bara waccan. Dillalan tsofaffin kaya sun zo ganin teburin ya fi a ƙirga, sai in nuna musu ƙofa in ce duk wanda ya iya fitar da shi bai fasa bango ba, ya ɗauka kyauta. Ni ke goge kabad ɗin ranar Juma'a, ni ke ɗaure agogo. Matar maƙwabci ke aiko mini da tuwo, in juye a akushin nan, in zauna inda Baba ke zama. Ba na ɓoyewa, kaɗaici ya ishe ni. Har hira nake yi da agogo.

Makon jiya babban ɗana ya zo daga Kaduna. Mutum ne da furfura ta fara fito masa, yana da 'ya'ya biyar. Ya tarar ina cin abinci, ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa, daidai inda na durƙusa. Na ja kujerar dama.

“Kai, wanke hannu ka zo mu ci.”

Ya yi ƙasa da kai. “Haba Baba, ai ba a yi haka ba. Ci abinka, zan jira.”

Na so in daka masa tsawa. Na so in ce masa ba gwada shi nake yi ba, so nake kawai in ji hannun wani a cikin akushin nan tare da nawa. Amma da wane baki? Ni na koya masa, da tsawa da rankwashi, ya kuwa koyu sarai. Na mayar da kujerar wurinta.

Tsoka uku ce a cikin miyar, kuma haƙorana garau suke. Na ture su gefe guda, na ci gayan tuwona, na wanke hannu a tasar tagulla. Sannan na miƙa masa akushin, ya karɓa da hannu biyu ya fita da shi tsakar gida.