Yatsan da Na'ura Ta Ƙi Karantawa

A layin zaɓen ɗan asambali, wato kansilan unguwarmu, nan Nyohini, wata tsohuwa ta matsa mini rabin 'yar kujerarta, don ta ga ƙafata ta kumbura. Tun rasuwar maigidana ni kaɗai nake zuwa. Na ce, "Allah Ya saka da alheri, Mma." Ban san sunanta ba.

Ƙanƙanuwa ce, mayafinta ya sha wanki, jikinta na ƙanshin man kaɗe. Katinta na ƙulle a bakin zane. Tana lissafa mini waɗanda suka wakilci unguwar, ba da suna ba, sai da abin da suka bari: mai famfo, mai kwalbati, da wanda ya bar mana hotonsa a bango kawai. A bana, so take ta zaɓi wanda zai dawo da ruwan famfon.

Layi ya zo kanta, na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi karanta yatsanta har sau uku. Ina jin shekarun murzar kaɗanya ne suka shafe zanensa. Ma'aikacin zaɓen ya ce ta wanko hannu ta dawo. Ba ta yi musu ba. Ta juyo tana hura yatsan a hankali.

Ta ce, "'Yata, ban taɓa fashin zaɓe ba. In ba a ga yatsana ba, sai a ɗauka na mutu. Ko kin jefa ƙuri'arki, ki tsare mini kujerar nan a layi har in dawo."