Ranar da Akori-kurarmu Ta Sha Man Rake

Shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki, maigidana yana da wata tsohuwar akori-kura ruwan toka da yake kai wa dukawan Kasuwar Kurmi fatu da ita. Ta girmi aurenmu nesa ba kusa ba. Ƙofar direba ba ta buɗuwa sai ta waje, amma yana ji da ita ƙwarai.

Lokacin ana fama da layin mai. Wata rana sai wani abokinsa malamin kimiyya ya zo da jarkoki cike da wani abu fari kamar ruwa. Ya ce itanol ne, daga rake ake tace shi, kuma a wasu ƙasashe da shi motoci ke tafiya. Maigidan bai yi wata-wata ba ya juye a tanki.

Da farko abin gwanin sha'awa. Tana tashi da murɗa makulli, hayaƙinta ma wani ƙanshi-ƙanshi yake. Sai surukata, Hajiya, ta ji labari.

"Kai, me na ji ka ɗura wa motar nan?"

"Man rake ne, Hajiya."

"An ce mini ɗan'uwan barasa ne. Ashe da girmanta ka koya mata shaye-shaye?"

Dariya ta kusa kayar da ni a bakin murhu. Ya yi ta bayani cewa ba mai sha, ƙonewa yake yi. Ta ce Allah ya kyauta.

Ana haka ƙanwarsa ta haihu a Kabara. Ranar suna muka loda tukwanen waina da miyar taushe a baya, ni da matan gida muka zauna muna riƙe da murafe, Hajiya a gaba. Ba mu gama fita daga Soron Ɗinki ba motar ta fara tari. Ta zabura, ta ja baya, ta sake zabura, miya ta fallatsar mini a sabon leshi. Salansa ta yi wata ƙara kamar bindiga, awaki suka watse. Sai ta mutu a tsakiyar lungu, inda ko mai kura ba zai iya raɓawa ba.

Hajiya ta leƙo ta taga ta ce, "To, maye ya kama ta."

Masu babura suka taru a bayanmu suna hon. Teloli suka bar kekunansu suka fito turi, amma ko tari ta daina yi. Da ƙyar aka gangara da ita gindin wata darbejiya. Hajiya ta sa aka buɗe tukunya ɗaya aka raba wa masu turi waina, mu kuma muka ɗora sauran a ka muka ƙarasa a ƙasa. Mai jego tana ganinmu jage-jage da miya ta riƙe ciki, tana roƙon mu daina ba ta dariya.

Da yamma maigidan ya iso gidan suna, hannunsa duk baƙin mai, ya ba mu labari. Bakanike ya kwance kafireta ya tarar da ita cushe da tsatsa, don man ya kankaro dattin da ya daɗe kwance a tanki. Tiyon mai kuwa ya yi laushi kamar danƙo. Bakaniken ya ce sababbin motoci za su iya ɗauka, amma wannan tsohuwa a bar ta da abin da ta saba. Abokin nasa malamin kimiyya ya zo har gareji, ya naɗe hannun riga, tare suka wanke tankin suna tsokanar juna.

Motar ta warke sarai. Da ita babban ɗanmu ya koyi tuƙi, kafin daga baya wani manomin albasa ya saye ta. Ranar da ya zo ɗauka, maigidan ya raka ta da ƙafa har bakin titi.