Gadar Jarkoki a Bakin Dam

Wallahi sai da Kawuna ya ɗora ƙafarsa a kan katakon farko sannan gabana ya faɗi! Mutum ne mai jiki, ga sabuwar shadda fara ƙal, ga jama'a cike a bakin dam an zuba ido.

Bari in koma baya kaɗan. Mu a Kazaure yawon Sallah bai cika ba sai an je dam an hau kwalekwale. Daga Roni ake zuwa, daga Gwiwa, har 'yan Babura mota suke cikowa. Akwai wani tsoho, Baba mai jirgi muke ce masa, shi ke zagayawa da mutane tun ba a haife ni ba. To bana ruwa ya ja baya sosai. Injinan ban ruwa masu sola sun yi yawa, rana na fitowa suke zuƙa har ta faɗi. Namu ma yana ciki, da shi shinkafarmu ta rayu. Inda muke tsalle mu faɗa ruwa a da, yanzu baƙin taɓo ne mai riƙe ƙafa. Jirgin Baba yana can ciki, ba ya iya matsowa. Wa zai shiga taɓo da kayan Sallah?

Ana cikin azumi na tarar da shi zaune. Na gaishe shi, na ce, "Baba, bana fa?"

Ya ce, "Bana sai kallo, ɗana. In Sallar nan ta wuce ba a hau ba, sayar da shi zan yi."

Ni fa ba wanda ya koya mini komai. A waya nake kallon yadda ake haɗa abubuwa, in gwada a bayan gidanmu. Na bi masu man gyaɗa na roƙo tsofaffin jarkoki, na ɗaure su bibbiyu, na shimfiɗa katako a kai, don in yi gada daga tudu zuwa jirgin Baba. Gwajin farko gadar ta kife da ni, na fito kamar tarwaɗa. Ashe jarka in ba komai a cikinta rawa take yi. Na zuba wa kowace ruwa kaɗan, na kafa turaku a gefe, ta zauna daram.

Abokaina suka samu abin yi. "Injiniyan jarka, yaushe za a yanka ƙyalle?"

Ranar Sallah ga gada, ga jirgi, amma kowa ya ƙi takawa. 'Yan mata sun tattare zannuwa suna ta dariya. Shi ne Kawu ya ratso mutane.

"Kai, in shaddar nan ta ɓaci, kai za ka wanke ta."

"Na yarda, Kawu. Tsakiya kawai za ka riƙa takawa."

Ya taka. Katako ya yi ƙara, jarkoki suka lotsa, ni kuwa duk addu'ar da ta zo bakina yi nake. Ya yi ta tafiya yana bubbuɗa hannu har ya dafa jirgi. Sai ya juyo, ya baza babbar riga, ko ɗigo babu.

"Ku taho! Ni ma ta ɗauke ni, balle ku!"

Kafin la'asar Baba ya gaji da tuƙi har yana miƙa mini sanda. Na ce, "Baba, maganar sayarwa fa?"

Ya ce, "Wa ya ce maka? Tuƙa, kana karkata mu."

Ku fa, da ruwan garinku ya ja baya, ina kuka koma yawon Sallah? Ku ba ni labari, don Allah.