Mabuɗin Ɗakin Famfo

Lokacin da aka kafa mana shato, wato tankin ruwa na sama, a ƙauyenmu da ke gefen Maijirgi, kawuna aka damƙa wa mabuɗin ɗakin famfo. A ɗakin akwai wani farin akwati mai kunna inji da kashe shi da kansa, masu gyara kuma suna duba lafiyarsa ta waya daga Maraɗi. Kawu bai san cikinsa ba. Nasa dai ya share ɗaki, ya goge faifan rana mai ba injin wuta, ya kulle. Mabuɗin na rataye a wuyansa da igiyar fata, har abokan wasansa na cewa tsoho ya yi amarya.

Wata rana da bazara injin ya ƙi tsayawa. Ya yi ta ja har ya ƙone, mata suka koma tsohuwar rijiya da guga.

A wurinmu, in abu ya lalace a kullallen ɗaki, kwaɗo lafiya, bango lafiya, ba a neman kowa sai mai mabuɗi. Dattawa suka duba ƙasa, babu sawun baƙo. A ƙofar maigari ba wanda ya zagi Kawu, hannu kawai aka miƙa masa ya ba da mabuɗin. Ina wurin. Har yau ina tuna yadda igiyar ta maƙale a kunnensa yana cirewa. Kafin ruwa ya sauka ya bar gonarsa, ya koma Urafane wajen 'yarsa.

Sai bayan kaka mai gyara ya zo da bayani. Ya ce da lahani akwatin ya baro masana'anta: akwai ɓaraka a tsarin da ke tafiyar da shi, wanda ya san ta yana iya ba injin umarni daga kowace ƙasa, ba ruwansa da ƙofa. Maigari da 'yan kwamitin ruwa suka yi salati, suka watse.

Ranar kasuwa na hau motar Urafane cike da murna. Na iske Kawu a inuwa, ya rame, na kwashe labari na faɗa masa. Sai ya tambaye ni:

"Wanga bayani, gaban jama'a anka yi shi?"

"A'a, Kawu. Cikin ɗakin famfo."

"To, ɗana, ni gaban jama'a anka amshe."

Bai sake taka ƙauyenmu ba, a Urafane muka yi masa sutura.