Sakaina a Fadamar Shinkafa

Shekarar da na fara koyon rubutu wurin malamin unguwarmu a Gaya, furfura ta riga ta kama mini gemu. A shekarar ce kuma yayana ya ce zai bar wa Fulani fadamar da muka gada a wajen Ajingi su yi kiwo. Damina uku shinkafarmu tana tsumburewa, ganyenta ja-ja.

Na ce, "Yaya, ba ni damina ɗaya."

Ya ce, "Ɗauka. In ta sake ba mu ƙaiƙayi, shanu sun gaje ta."

Na nemo taki iri uku. Kashin shanu. Kashin jemage daga kogon kuka, wanda warinsa ya sa matata ta riƙa miƙo mini tuwo ta kan danga. Sai ƙasusuwan da na roƙo wurin mahauta. Karnukan gari suka raka jakina har gida kamar 'yan kai amarya. Na ƙona ƙasusuwan, na daka.

Na yanka fadamar fage goma sha biyu, na ba kowane taki fage huɗu a cakuɗe, don kada Yaya ya ce wani gefen ne ya fi samun ruwa. Da yake ni sabon mai alƙalami ne, sai na rubuta sunan kowane taki a sakaina, na ɗaura a sanda, na kafa. Da tawadar allo fa, wadda ake wankewa a sha. Ruwan da ya fara cika fadamar ya lashe rubutun tas.

Da kaka, fage huɗu suka yi zangarniya har suna kwanciya. Sauran, sai a hankali.

Yaya ya ce, "To, malam, wane takin ne?"

Ban sani ba. Na durƙusa na riƙa tona taɓo da hannu. A duk huɗun na tsinto baƙaƙen gutsattsarin ƙasusuwa, na miƙa masa. Ko kallonsu bai yi ba.

"Kai dai faɗi gaskiya. Wace addu'a ka ba shinkafar nan ta sha?"

"Yaya, ƙasusuwa kawai na rubuta."

"To, baɗi ka sake rubuta mata shi, da manyan baƙaƙe."

Fadama dai ta zauna a hannunmu. Duk shekara ni da jakina muna jigilar ƙasusuwa, shi kuma Yaya yana tafe a gaba, riƙe da kurtun tawada da hannu biyu.