Irin Geron da Aka Dama wa Ɗan Takara

Duk lokacin da motar 'yan siyasa ta wuce da lasifika tana ɓaɓatu, sai in ji raina ya ɓaci. Haushi ne da na girma da shi. Na je da shi Maraɗi, na je da shi Kumasi da Kartum, na dawo gida bai ragu ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Batsari da Safana. Kasuwar Batsari muke ci, can muke kai mara lafiya, can yayyenmu mata suke aure. Lokacin ba a yi mana jiha ba, majalisa a Kaduna take zama, ba kuma wanda ya taɓa ganin ƙofarta a cikinmu. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, damina ma ta yi ta gardama. Tuwo ya koma na dare kawai, da rana sai kwaɗon rama ko tafasa, ba ƙuli-ƙulin kirki.

A bayan ɗakin kakana akwai wani ɗan rumbu da aka liƙe bakinsa da laka. Irin gero ne a ciki, mai saurin nuna, wanda yake zaɓa kai-kai da hannunsa tun a gona. Ya gaje shi daga mahaifinsa, tun kafin gidanmu su fara salla. Ba a buɗe rumbun nan sai ruwan shuka ya sauka. Ƙanwata ta sha kukan yunwa a gindinsa, kakana bai ko waiwaya ba.

Sai ga ɗan takarar majalisar jiha da babbar mota cike da magoya baya. Mutumin Batsari ne, kakana ya yi abota da ubansa. Aka shimfiɗa musu tabarmi a gindin tsamiya, ga rana ta take, ga gida ba ko tsaba. Kakana ya ɗauki gatari ya nufi bayan ɗaki. Kakata ta sha gabansa.

"Malam, jikokinka na kwana da ganye ba ka fasa ba, sai yau don mai babbar riga?"

"Ɗan aminina ne, ya zo ƙofata. In ya sha furarmu ya zama namu. Yana shiga majalisa, iri da taki zai aiko mana."

"To, Allah ya sa majalisar ta tsiro maka a gona."

Ya fasa lakar. Mata suka sussuka, suka daka, Fulanin da ke maƙwabtaka da mu suka kawo nono. Har yau ina jin ƙarar ludayi a ƙwarya, mu yara muna leƙe ta zana muna haɗiyar yawu. Baƙon ya sha ya share baki, ya ɗaga takarda mai alamar jam'iyyarsu ya ce, "Baba, nan za ku dangwala." Ranar zaɓe kuwa har tsofaffin da ba sa gani sosai aka riƙo, kowa ya dangwala a nan. Mutumin ya ci.

Da hadari ya fara haɗuwa, kakana da babana suka taka har Batsari wajen sabon ɗan majalisar. Babana ne ya ba da labari da suka dawo. Sun gaisa, an tambayi gida da gajiya, sannan kakana ya kawo maganar iri.

"Ai Baba, ku ba mutanena ba ne. Akwatinku ɓangaren Safana ake ƙirga shi. Wakilinku daban, can za ku neme shi."

"To, mu wa muka zaɓa?"

"Jam'iyya kuka zaɓa, Baba."

Ka ji fa. Ya san haka tun yana zaune a gindin tsamiyarmu, ya san haka yana kai ludayi baki. Mu muna zaton mutum muke zaɓa, ashe ƙuri'unmu sun tafi ga wani da bai taɓa taka ƙauyenmu ba. Shi ma an nema, aka ce yana Kaduna.

Babana ya sayar da akuyoyi ya sayo iri a kasuwa, ashe na kudu ne mai daɗewa. Ya yi kara shar, ruwa ya ɗauke bai yi ido ba. Ɗan abin da ya rage na kakana an shuka shi a bayan gida, ya nuna da wuri kamar kullum, amma yunwa ta sa muka cinye shi tumu. Nan irin ya ƙare. Da rani babana ya tafi ci-rani da ni, yawona a duniya daga nan ya fara.

A Kumasi na ga matan kasuwa sun tare wakilinsu a titi, sun kira sunansa sun wanke shi tas da yarensu, yana tsaye yana ba da haƙuri. Mu yau Batsari da nata wakili, Safana da nata, amma gonakinmu na bakin daji sun koma saura ba a nomawa saboda 'yan bindiga, kuma ka tambayi samari goma wa ke wakiltarsu, sai a yi ta kallon-kallo.

A zaɓen da ya wuce wani ɗan takara ya durƙusa a zaurena yana neman albarka. Na ce, "Ɗana, ƙauyen nan a cikin mazaɓarka yake?" Sai ya juya ya kalli yaronsa, yaron ya shiga latsa waya. Na ce su tashi su je, in sun gano su dawo.